Yadda ake duba kare ko mage in ba su da lafiya, da abin da za ka yi kafin ka kai wa likita

Kwikwiyon farko da na rasa ni na kashe shi da "bari mu ga zuwa gobe". Ya fara amai, ya ƙi cin abinci, ni kuma ina ta cewa ai ɗan ɓacin ciki ne wani abu ya tsinta ya ci, har da ɗura masa maganin mutane da ke cikin durowa. Kwana biyu ina wannan shirmen, ranar ta uku da gudawa ta koma jini na kwashe shi sai wajen likitan dabbobi, yana ɗaga leɓensa ya kalli dasashin ya girgiza kai. Tun daga ranar na daina cinta. Dabba ba ta da bakin da za ta ce maka nan ke min ciwo, amma jikinta yana faɗa, in dai ka iya dubawa a tsare kuma ka san yadda lafiyayye yake.

Abin da zan nuna maka a nan dubawa ne da taimakon farko, ba wai ka zama likita ba. Aikin gida guda huɗu ne: ka auna, ka ba da ruwa, ka tsaftace, ka ware mara lafiya daga sauran.

Kayan da za ka tanada

Ka samu ɗan akwati ko jaka ɗaya ka haɗa su wuri guda, don ranar da abu zai faru yawanci cikin dare ne, ba lokacin neman almakashi ba ne.

Ma'aunin zafin jiki na dijital, wanda yake ƙara in ya gama. Ka yi masa alama cewa na dabba ne kar wani ya sa a baki. Na gilashi yana iya karyewa a jikin dabba, in shi kaɗai gare ka to ka riƙe shi gam kar ka saki.
Vaseline don shafa wa bakin ma'aunin.
Safar hannu ta roba. In babu, leda mai tsabta ka zura hannu ciki.
Sirinji mai mil 5 da mai mil 10, a cire allurar, na ɗura ruwa da magani ne. In babu, ƙaramin cokali ta gefen baki.
Hantsaki mai siririn baki na cire kaska.
Bandeji, auduga, almakashi, tocila, tawul babba.
Aidin ɗin wanke ciwo, gishiri, sukari, da bilic, wato ruwan nan mai sa tufafi fari da kashe ƙwayoyin cuta, na wanke wuri.
Takunkumi. In babu zan nuna maka yadda ake yi da bandeji.
Sikeli, littafi da biro, da lambar likitan dabbobi a wayarka tun yau, ba ranar da kake kuka ba.

Mataki na 1: Ka tsaya daga nesa ka kalla tukuna

Kar ka yi saurin taɓawa. Da zarar ka matso kare zai miƙe ya kaɗa bindi don ya faranta maka, sai ya ɓoye rabin ciwon. Mage ma ta fi shi iya ɓoyewa. Ka ba shi minti biyu kana kallo: yaya yake kwance, yana ɗingishi, ya ƙanƙame ciki ya gantsare baya, yana susa, yana kaɗa kai, yana haki alhali babu zafi kuma bai yi gudu ba? Ka leƙa kwanon abinci da na ruwa. Sannan ka je ka duba kashinsa da fitsarinsa, eh na san ba daɗi, amma rabin amsar tana can. In ka ga wani abu baƙo ka ɗauki hoto da waya, likita zai fi gane hoto a kan bayaninka.

A nan ne ma za ka ƙirga numfashi, yana kwance ko yana barci. Ƙirji ya ɗaga ya sauka, ɗaya kenan. Kare lafiyayye yana yin 10 zuwa 30 a minti, mage 20 zuwa 30. Kuma mage ba ta haki irin na kare, in ka ga ta buɗe baki tana numfashi to wannan na gaggawa ne.

Mataki na 2: Ka kame shi yadda ba zai cije ka ba

Karen da ka raina da hannunka zai iya cizonka in ka taɓa inda ke masa zafi, ba mugunta ba ce. Ka ɗauki bandeji mai tsawon hannu biyu, ka yi zarge a tsakiya, ka zura bakin karen ka ɗaure a saman hanci, ka zagayo ƙasan haɓa ka sake ɗaurewa, sai ka kai bayan kunnuwa ka ƙulla yadda za ka iya zare shi da ja ɗaya. Amma kar ka sa takunkumi ga karen da ke amai ko wanda numfashi ke masa wuya, zai shaƙe. Ita mage tawul ake naɗe ta da shi kamar jariri, kai kawai a waje. Mutum biyu sun fi, ɗaya ya riƙe yana masa magana a hankali, ɗaya yana dubawa.

Mataki na 3: Awo

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shawarata ka fara koya a jikin dabbar tana lafiya lau, don ka san nata daidai ɗin.

Zafin jiki. Ka manta da maganar nan ta taɓa hanci wai in ya bushe ba shi da lafiya, ba ta da tushe. Ka shafa Vaseline a bakin ma'aunin, ka ɗaga bindi, ka zura a dubura kamar santimita 2 zuwa 3, ka ɗan karkata shi ya jingina da gefe kar ya nutse cikin kashi, ka jira ya yi ƙara. Kare da mage jikinsu ya fi namu zafi, daidai ɗinsu digiri 38 zuwa 39.2. Mutane da yawa suna ganin 39 su firgita su ce zazzaɓi ne, a'a lafiyarsa ƙalau. Daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Ya kai 40.5 ka tashi tsaye. Abin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci shi ne sanyi: dabbar da ke kwance kuma zafinta ya sauka ƙasa da 37.5 ta fi ba ni tsoro a kan mai zazzaɓi.

Dasashi. Ka ɗaga leɓe. Lafiyayyen dasashi ja-ja ne mai haske, da danshi da santsi. Ka danna da yatsa ya yi fari, ka saki, ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Fari fat yana nufin jini ya ƙare ko yana zuba a wani wuri. Rawaya, hanta ce ko ƙwayoyin jini ne ke fashewa. Shuɗi-shuɗi, iska ba ta isa. In ya bushe yana kama yatsa, ruwan jiki ya yi ƙasa. Wasu karnukan dasashinsu baƙi ne tun haihuwa, irin waɗannan sai ka ja fatar ƙasan ido ka duba cikinta.

Fata. Ka tsunkuli fatar da ke tsakanin kafaɗu ka ɗaga ka saki. Ta koma nan take, da ruwa a jikinsa. Ta tsaya tana sauka a hankali, ya bushe.

Bugun zuciya. Ka ɗora tafin hannu a ƙirji ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, ko ka sa yatsu a cikin cinya ta sama. Ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Babban kare 60 zuwa 100, ƙaramin jinsi 100 zuwa 140, mage 140 zuwa 220.

Nauyi. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa da dabbar a hannu, ka cire na farko daga na biyu. Kowane magani da nauyi ake ba da shi, wanda bai san kilo nawa karensa yake ba to kintace kawai yake yi.

Bayan nan ka bi jikin da hannu daga kai zuwa bindi: ido ko akwai kwantsa, hanci ko akwai majina, cikin kunne ka shinshina, ka latsa ciki a hankali, ka duba tsakanin yatsu. Duk abin da ka samu ka rubuta da lokaci.

Mataki na 4: Ka yanke hukunci, na gida ne ko na asibiti

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ka ajiye komai ka tafi: jini a amai ko a gudawa, dasashi fari ko rawaya, farfaɗiya, wahalar numfashi, kwikwiyon da ya wuni bai ci ba kuma yana amai, ko babban kare mai zurfin ƙirji da cikinsa ya kumbura kamar ganga yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa. Wannan na ƙarshen tumbi ne ya murɗe, awanni kaɗan yake ɗauka.

Masu muzuru ku saurara. In ka ga yana ta tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita, ko ɗigo-ɗigo, yana lasar gabansa yana kuka, mutane suna cewa kashi ne ya ƙi fita, ba shi ba ne, hanyar fitsari ce ta toshe. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda za ta tsaya. Babu dabarar gida a nan ko ɗaya. Haka kuma magen da ta kwana biyu ba ta ci komai ba, musamman mai ƙiba, hantarta na iya taɓuwa, ba a bar ta ta yi "azumin kanta".

Guba kuma, in kana zargin ya ci maganin ɓera ka tafi da kwalin ko ledar. Irin wanda yake hana jini daskarewa ba ya nuna komai ranar farko, sai bayan kwana 3 zuwa 5 ka ga kare ya yi laushi dasashi ya yi fari, alhali da an fara masa bitamin K1 da wuri da ya tashi. Kuma kar ka ɗura gishiri ko mai wai don ya yi amai.

Mataki na 5: Amai da gudawa

Babban kare da ya yi amai sau ɗaya ko biyu, amma yana tafiya, zafinsa daidai, dasashinsa ja, wannan za ka iya riƙe shi a gida. Ka ɗauke abinci na awa 12. Ruwa kar ka ajiye masa kwano cike ya kwankwaɗa, zai dawo da shi, kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Bayan awa 12 ka dafa farar shinkafa da ɗan naman kaza, ba mai ba gishiri ba ƙashi, ka ba shi ƙanana sau huɗu a rana, kwana biyu zuwa uku, sannan ka rinƙa haɗawa da abincinsa na yau da kullum. Wannan hana abincin ban da 'yan kwikwiyo da maguna, su sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri.

Ruwan gishiri da sukari, in babu na leda: lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ja a sirinji, ka sa ta gefen baki a bayan dogon haƙori, ka tura a hankali yana haɗiya da kansa. Mil 5 zuwa 10 duk bayan minti 10 ko 15 ga ƙaramar dabba. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗaga kan dabbar sama a tsiyaya, ruwan sai ya bi ta huhu. Kai a miƙe yake zama. Dabbar da ba ta iya ɗaga kai ba a ba ta komai ta baki.

Yanzu maganar parbo, wadda ta kashe min kwikwiyona. Cutar ta bayyana a karnuka ne a 1978 kuma cikin ɗan lokaci ta zagaye duniya. Ta fi kama ɗan sati 6 zuwa wata 6 wanda bai gama rigakafi ba, kuma Rottweiler da Doberman sun fi shan wuya da ita. Tana farawa da kwanciya da ƙin abinci, sai amai ba ƙaƙƙautawa, sai gudawa mai jini da wani irin wari da in ka taɓa jin sa sau ɗaya ba za ka manta ba. Ƙwayar cutar tana cinye bangon hanji ne, ta kuma rage fararen ƙwayoyin jini. Abin da ke ceton kwikwiyo shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cuta don kar na hanji su shiga jini, har jikin ya yi nasara da kansa. Waɗanda aka kai da wuri mafi yawansu suna tashi, waɗanda aka bari a gida mafi yawansu suna tafiya. Ruwan sirinji na hanya ne kawai kafin ka isa.

In ta shigo maka gida, ka ware mara lafiyan, takalmin da kake shiga wurinsa da shi daban. Ka fara kwashe kashin ka wanke da sabulu tukuna don bilic ba ya aiki a kan datti, sannan kofi 1 na bilic cikin kofi 30 na ruwa, ka bar shi ya jiƙa minti 10 kafin ka ɗauraye. Sauran magungunan wanke ƙasa masu ƙamshi yawanci ba sa yi mata komai. A cikin turɓaya tana iya yin watanni har shekara, don haka kar zafin rashi ya sa ka je ka ɗauko sabon kwikwiyo mara rigakafi ka sa a wurin, haka ake binne na biyu.

Ɗan'uwanta distemfa shi ta ido da hanci yake farawa: kwantsa mai kauri, majina, tari, zazzaɓi, daga baya tafin ƙafa ya yi tauri, naman jiki ya rinƙa motsi da kansa, wani har farfaɗiya. Shi ma na likita ne.

Mataki na 6: Fata, wato kaska da ƙuma da ƙazuwa

Kaska. Inda take ɓuya: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya, hammata, gindin bindi. Ka kama ta da hantsaki daf da fata, ta wajen kai ba ta ciki ba, ka ja a miƙe a hankali ba fizga ba. Ka jefa ta cikin ruwan sabulu mai kauri ko giyar wanke ciwo, ka goge wurin da aidin. In babu hantsaki, zare ka yi masa zarge ka shaƙe ta daf da fata ka ja. Kar ka ƙona ta da ashana, kar ka zuba mata kananzir, kar ka murtsuke ta da farce. In ɗan baki ya rage a fata ka ƙyale shi, jiki zai fitar.

Amma cirewa ba ita ce ƙarshe ba. Kaskar kare mai ruwan ƙasa a cikin gida take rayuwa, macen in ta ƙoshi sai ta sauka ta hau bango ta shiga tsaga ta zuba dubban ƙwai. Shi ya sa za ka wanke kare tas bayan sati biyu ka ga kamar ba ka yi komai ba. Dole a yi wa ɗakin feshi, a bi tsagar bango har sama, a maimaita bayan sati biyu, a liƙe ramukan. Kuma kaska tana kawo ciwon jini. Kare mai kaska da ya fara zazzaɓi, rama, haɓo, dasashi fari, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, a yi masa gwajin jini. A ɗaya daga cikin cututtukan, maganin doksisaikilin ake ba shi har kwana 28, kuma a nan mutane ke faɗuwa, kwana biyar kare ya miƙe sai a daina, bayan wata biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Ƙuma. In ba ka gan ta ba, ka tsayar da dabbar a kan farar takarda mai danshi ka taje gashin gindin bindi. Baƙin garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Wadda ke jikin dabbar kaɗan ce, mafi yawa ƙwai ne da 'ya'ya a shimfiɗa da ƙasa, don haka a wanke shimfiɗa da ruwan zafi kuma a yi wa duk dabbobin gidan magani rana ɗaya. Akwai na ɗigawa a ƙeya irin Frontline, akwai na taunawa irin NexGard da ake bayarwa duk wata da Bravecto mai kai sati 12, duka da nauyi ake saya. Gargaɗi babba: maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana kashe mage, ko kwanciya ta yi a jikin karen da aka sa wa tana iya fara karkarwa. Frontline kuma ba a sa wa zomo.

Ƙazuwa iri biyu ce. Mai ƙaiƙayin hauka tana farawa a bakin kunne, gwiwa da ciki, tana yaɗuwa tsakanin karnuka, har kai ma za ka iya ganin ƙuraje a hannu. Ɗayar ba ta cika ƙaiƙayi ba, gashi ne ke zubewa a gefen ido da baki, yawanci a kwikwiyo. Sai kuma makero mai zagaye kamar kwabo, shi naman gwari ne kuma yana kama yara. Da ido kusan duk kama suke, maganinsu kuma daban, likita yana kankaro fatar ya duba a madubin ƙara girma cikin minti kaɗan. Don Allah kar ka shafa wa kare baƙin mai. Yana ƙona fata, ya lasa ya shiga ciki, ƙwaron kuma yana nan zaune. Aibamektin ma, allurar kashe ƙwari da tsutsa da mutane ke ɗauka su soka da ka, ga karnukan jinsin Collie da danginsu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, haka ƙananan 'yan kwikwiyo.

Ciwon fata ƙarami: ka aske gashin gefe, ka wanke da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na tafasasshen ruwa, ko aidin da aka sirka har ya yi kalar shayi mara kauri. Sau biyu a rana, a kare shi daga ƙuda.

Mataki na 7: Tsutsar ciki

Kusan kowane kwikwiyo da ita ake haifarsa, daga uwa yake ɗauka. Alamarta tumbi ya fito, gashi ya yi dususu, ba ya girma. Akwai wata irin tsutsar mai shan jini, har ta kan kashe ɗan sati uku da ƙarancin jini. Jadawalin ba da maganin tsutsa: sati 2, 4, 6, 8, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Uwar ma a ba ta tare da su. In ka ga wasu fari-fari kamar ƙwayar shinkafa a gindin bindi, wannan mai faɗi ce, ta hanyar haɗiye ƙuma ake samunta, kuma ba kowane magani ke kashe ta ba, mai sinadarin firazikwantel irin Drontal shi yana kashe ta. Panacur kuma, maganin sauran tsutsotsin, kwana 3 a jere ake ba da shi. In ba ka kashe ƙumar ba tsutsar za ta dawo. A rinƙa kwashe kashi kullum, yara su wanke hannu, don wasu daga cikin tsutsotsin suna shiga mutum.

Mataki na 8: Yadda ake ba da ƙwaya

Hanya mai sauƙi: ka yi ƙananan loma uku na nama, ta farko babu komai, ta biyu da ƙwayar, ta uku kana nuna masa don ya yi saurin haɗiye ta biyun. In ya gane ka, ka kama saman baki ta bayan dogayen haƙora, ka buɗe na ƙasa, ka kai ƙwayar can bayan harshe, ka rufe ka shafa maƙogwaro. Ya lashi hanci, ya haɗiye. Mage a bi ta da ɗan ruwa a sirinji, musamman doksisaikilin, in ya maƙale mata a maƙoshi yana ƙona wurin.

Mataki na 9: Abin da ba a ba su ko da wasa

Panadol da duk wani farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da diklofenak suna huda tumbin kare su lalata ƙoda. Albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, duk guba ne gare su. Dettol ba a wanke mage da shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Madarar shanu kuma yawancin manyan maguna gudawa take sa su, duk da ana ta nuna su da kwanon madara.

Mataki na 10: Cizo da haukan kare

Wannan ba ciwon dabba kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alama ta bayyana a mutum ko dabba, magana ta ƙare. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba, akwai mai shiru: haɓa ta saki, miyau na dalala, murya ta canja, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mutane da yawa a nan suke zura hannu su ciro "ƙashin". Kar ka yi. Ka kulle shi ka kira likita.

In an ciji mutum ko an yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, a sa aidin, a tafi asibiti ranar don allurai. Karen da ya yi cizon a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jira kwana goman su cika kafin a fara allurar.

Mataki na 11: Rigakafi da littafinka

Kwikwiyo yana karɓar allurar haɗaka, mai kare shi daga parbo da distemfa da sauransu, daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗaya ba, don haka wanda ya yi guda ɗaya ya tsaya bai yi komai ba. Ta haukan kare daga sati 12, sannan a rinƙa sabuntawa yadda likita da dokar wurinku suka tsara. Mage ma tana da tata haɗakar, da ta hauka. Ba a yi wa dabba mai zazzaɓi ko gudawa rigakafi, a ba da maganin tsutsa kamar sati ɗaya kafin ranar. Kafin ya gama jerin, kar ya taka inda baƙin karnuka ke kashi, ko asibitin ma a hannu ake riƙe shi.

Ka lura da inda aka ciro allurar. Rigakafi a cikin sanyi yake zama, digiri 2 zuwa 8, wanda ya kwana a aljihu ko ya sha rana ruwa ne kawai. Bayan an yi, ka ce a ɓare takardar jikin kwalbar a manna maka a kati, a sa kwanan wata da ranar dawowa, kai ma ka kwafe a littafinka kusa da nauyinsa na ranar.